Ranar da Na Fita da Allo Ba Barkono

Ku ajiye wayoyin nan tukuna, ba za su gudu ba. Jiya ina kishingiɗe a nan ƙofar gida na ji ɗayanku, ba zan faɗi suna ba amma ga shi can yana sosa ƙeya, yana gaya wa abokinsa wai kakansa aikin silima ya yi, wai danna inji kawai yake ya zauna yana kallo kyauta. Kai, jama'a! Shekara ashirin da ɗoriya ina gasuwa a ɗakin da ko akuya ba za ta yarda ta kwana ba, ashe kallo nake kyauta. To, tunda kun taru, yau sai kun ji yadda aikin yake. Ku kuma da kuka fara tara iyali, akwai abin da nake so ku ɗauka game da ƴar lambar nan da ke fitowa a kusurwar fim, sha biyu ko sha shida, wadda kuke leƙawa kafin ku miƙa wa yara waya.

Na zo Yamai daga Maraɗi ina saurayi, fari na farko bai daɗe da wucewa ba, sojoji kuma sun karɓi mulki. Kawuna ya kama hannuna ya kai ni wurin wani Bazabarme, Baba Hamani, wanda ke tafiyar da injin majigi a wata silima mai rufi kusa da kasuwar Petit Marché. Kawu ya ce masa, "Ga Isuhu nan, lakol, makarantar boko, ta ƙi shi, ko Allah zai sa ƙarfe ya karɓe shi." Baba Hamani ya dube ni sama da ƙasa, ya ce in nuna masa hannuwana. Ya juya su, ya ga farce zaƙo-zaƙo, ya miƙo mini reza ya ce in yanke kafin in taka matakalar ɗakin inji.

Shekara guda cur ban taɓa inji ba. Shara, goge gilashi da tsumma mai laushi, ɗauko gwangwanaye daga tasha a bayan keke. Fim ɗaya yakan zo a gwangwani biyar ko shida, kowanne da faifan da muke kira bobin. Aikina in ɗora bobin a teburin naɗi, in riƙa juyawa da hannun dama, fim yana bi ta tsakanin yatsuna biyu na hagu. Duk inda ya tsage, ko ƴan ramukan gefe suka ɓare, yatsa ne zai gaya maka kafin ido ya gani. Sai ka yanke da almakashi, ka kankare baki da reza, ka shafa manne, ka danne har ya kama. In ka yi ganganci, a tsakiyar kallo zai tsinke, zaure gaba ɗaya ya juyo ya ambaci uwarka da ubanka da garinku. Na sha zagin nan har na ƙoshi. Rabin Zabarmancin da na iya, a nan na koye shi.

Injuna biyu ne, tsaye gefe da gefe, kowanne ya fi ni tsawo. Ba ƙwan fitila ke ba su haske ba. Sandunan gawayi biyu ne, sharbon muke ce musu, ake kusantar da bakinsu har wuta ta tashi a tsakani, fara fat, wadda in ka kalle ta kai tsaye sai ka wuni kana hawaye. Gawayin yana ci yana gajarcewa, don haka hannunka na kan mariƙi kana matso da shi kaɗan-kaɗan. Ka yi gyangyaɗi, hoto ya yi duhu. Ka bar fim ya tsaya a gaban wutar ko da ƙiftawa biyu ne, ya narke a idon jama'a. Duk da haka idonka na kan kusurwar hoto, kana jiran wani ɗan ɗigo da ke walƙawa in bobin ya kusa ƙarewa. Da ka gan shi ka tada inji na biyu, ɗigo na biyu ka rufe wannan ka buɗe wancan, ba wanda ya san an canza. Ranar da na fara yin haka ba a ji ko tari daga ƴan kallo ba, Baba Hamani goro ya ɓara ya ba ni rabi. Wallahi na yi murna kamar an ba ni mota.

Amma abin da tsohon nan ya fi tsanantawa a kai ba ƙarfe ba ne, takarda ce. A cikin gwangwani na farko kullum akwai wata takarda da ta biyo fim daga ƙasar Turawa, ita ce kakar ƴar lambar nan taku. Magana uku take yi: ko na kowa da kowa ne, ko an hana wa wanda bai kai sha uku ba, ko an hana wa wanda bai kai sha takwas ba. Bayanta kuma ga hatimin masu duba fina-finai na gwamnati, kuma lokacin soja ba a wasa da hatimi. Ɗan sanda yakan leƙo ya dubi fuskoki, in ya tsinci ƙaramin yaro a kallon manya, silima ta shiga uku. Baba Hamani ya zaunar da ni har na haddace layukan nan uku da Faransanci. Sannan ya ce, "Isuhu, ka girmama takarda, masu hankali ne suka zauna suka rubuta ta. Amma a garinsu suka kalla. Kai ma ka kalla a naka." Saboda haka duk fim ɗin da ya iso, da safe muke kunna shi a zaure ba kowa, mu biyu, daga farko har ƙarshe, kafin a kai tallarsa.

Wahalar ita ce iyaye ba su ganin takarda, kuma ko sun gani da yawa ba su karanta ta. Yaro zai zo ya marairaice, "Inna, na yara ne," a ba shi na shiga, ya tafi. Yawancinsu ba su da takardar haihuwa, don haka mai tsaron ƙofa ya tsaga layi da ƙusa a jikin ƙyaure, wanda kansa bai kai nan ba bai kai sha uku ba. Sai ka ga yaro ya ɗaga dunduniya yana miƙe wuya, wani har kwali yake cusawa a takalmi.

Kowace Asabar da safe ni ke ɗaukar allon talla, da hoton fim a manne, in ratsa Petit Marché saboda kallon Lahadi da rana, wanda yara suka fi cikawa. A layin masu kayan miya akwai wata mutuniyar garin Tawa, Inna Mariyama, mai barkono da daddawa da citta, mai murya kamar ta mai shela. Wata Asabar ta tare ni.

"Kai, ɗan Maraɗi, tsaya nan! Wancan mako ɗana ya ce mini na yara ne, ya dawo yana shaƙe ƙanensa da igiyar guga. Me aka rubuta a ƙasan hoton nan?"

Na karanta, na fassara mata.

"To ni kullum sai na tsare ka ka karanta mini? Ina da ciniki. Miƙo allon."

Ta zaɓi busasshen barkono ja, ta soke shi da allura da zare, ta rataya a ƙusar da ke saman allo. "In na ƴan sha uku ne zuwa sama, guda ɗaya. In na manya ne, uku. In na kowa ne, ka bar allon haka nan, ba yaji. Ko ni da ban taka lakol ba na gane."

Na ce, "Inna, biyu fa?"

"Biyu ka kai wa matarka, in ka samu mai aurenka. Wuce ka ba ni wuri!"

Layin ya kwashe da dariya, ni kuwa na wuce da barkonona yana lilo. Kafin wata biyu abin ya zama doka a kasuwa. Mata ba su ƙara duban hoto ba, ƙusa suke duba. Har ma'aikatan gwamnati masu karanta Faransanci, in sun zo cefane, sai ka ga sun ɗaga kai sun ƙirga barkono. Ita Inna Mariyama ba ta tsaya nan ba. Duk ranar da na zo da allo ba yaji sai ta tambaye ni, "Ka gani da idonka?" In ce na gani. "Akwai abin da zai hana yaro barci?" In gaya mata, ga wurin da kare ya bi ɓarawo, ga wurin da jirgi ya kusa nutsewa amma kowa ya tsira. Ta ji, ta yanke hukunci, sauran mata su bi nata. Shekarun nan na ji daɗinsu ƙwarai. Baba Hamani ya tsufa ya koma kan benci ya bar mini injuna, na yi aure, kuma ban taɓa ratsa kasuwar nan ba a ce ban fito da ɗan tumatir ko albasa a aljihu ba.

Sai fari na biyu ya zo. Ku ba ku gan shi ba, Allah kar ya nuna muku. Kogi ya janye har yara na tsallakawa da ƙafa a waɗansu wurare. Mutanen arewa suka yi ta kwararowa, suka kafa bukkokin tabarma da kwali a gefen gari. Layin ƙusar nan na jikin ƙyaure ya daina aiki, don za ka ga yaro ɗan sha huɗu da jikin ɗan tara. Wuta kuma yau akwai gobe babu, sharbon ya yi wuyar samu, har Baba Hamani ya fara tara guntayensa a gwangwanin madara.

A shekarar ce na fara ganin wata yarinya zaune a bayan buhunan Inna Mariyama, tana tsinke hancin barkono. Rabi sunanta, ɗiyar ƙanen Inna ce, shekararta sha ɗaya. Garkensu ya ƙare ƙaf a arewacin Tawa, uban ya kawo ta wurin yayarsa ya wuce kudu neman aiki. Na gaishe ta, ba ta ɗago ba. Inna ta rage murya, abin da ban taɓa jin ta yi ba, ta ce, "Wata uku ke nan, daga i sai a'a. Ba ta wasa, ba ta kuka. Ranar da ka samu mai sanyi, irin mai ba da dariya, ka gaya mini in tura ta tare da yaran makwabta, ko Allah zai sa ta saki jiki." Na ce ta bar wannan a hannuna.

Fim ɗin da zan ba ku labari, Juma'a da yamma ya iso maimakon Laraba, motar da ke kawo shi ta lalace a hanya. Asabar da safe muka zo mu kalla, ba wuta. Muka jira har rana ta ɗaga, shiru. Kasuwa kuwa ba ta jira, in ban zagaya da allo kafin azahar ba, Lahadi zaure zai zama wayam. Na buɗe gwangwani na farko, takarda ta ce na kowa da kowa, hatimi yana nan daram. Na bi dukan bobin da yatsa, ba tsaga. Na warware farkon fim na ɗaga shi a hasken taga: wata ƴar Baturiya mai kitso biyu, da ƴar maraƙa tana lasar kunnenta, ga ciyawa shar. Na ce madalla, ga na Rabi ya samu. Baba Hamani ya ce, "Ba mu kalla ba fa." Na ce, "Baba, yarinya da maraƙa ne, me zai fito a ciki?" Na saɓi allo na fita ba barkono.

Inna Mariyama ta dubi ƙusa, ta dubi hoton, fuskarta ta washe. "Ka gani da idonka?"

Da na ce mata wuta ta hana, da shi ke nan. Amma layi ya zuba mini ido, ga shekara da shekaru ban taɓa cewa ban gani ba. Na ce, "Na gani, Inna."

"Akwai abin da zai hana yaro barci?"

"Ko kusa. Yarinya ce da saniyarta."

Ta juya ta ce, "Rabi, kin ji? Gobe za ki ga saniya." A karo na farko yarinyar nan ta ɗago ta dube ni.

Lahadi wuta ta dawo, zaure ya cika da yara. Ta ƴar tagar ɗakin inji na hango Rabi a benci na uku, da sabon ɗankwali. Bobin na farko dariya ce zalla, maraƙa ta shiga ɗaki ta cinye hular uban yarinyar. Na biyu ma lafiya lau, maraƙa ta zama saniya. A na uku ruwan sama ya ɗauke a garin Turawan. Ina matso da sharbon ina kallo. Ciyawa ta bushe, rijiya ta ƙafe, shanu suka fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, ungulaye na sauka. Ba jini, ba bindiga, ba abin kunya, shi ya sa takarda ta ce na kowa, kuma ba ta yi ƙarya ba. Sai ga saniyar yarinyar, haƙarƙari a waje, ta durƙusa da ƙafafun gaba, ta kwanta.

Na san ihun yara a silima, akwai na daɗi, akwai na tsoron wasa. Wanda na ji ranar nan ba ko ɗaya ba ne. Rabi ta haye benci, ta tsallake na gaba, ta ruga har jikin bangon da hoto ke sauka, tana dukansa da tafin hannu. "Ku ɗaga ta! Kar ku bari ta kwanta! Ku zura mata itace ta ƙarƙashi, in ta kwana a ƙasa ba ta tashi!" Yaran birni suka fashe da dariya, sun ɗauka wasa ne. Amma can baya na ga waɗansu ƙanana uku ko huɗu, su ma ƴan arewa, daga bukkokin gefen gari, sun dunƙule sun rufe fuska. Tunda na fara aiki ban taɓa tsayar da fim da gangan ba. Ranar nan na rufe wuta, na kashe inji, na kunna fitilun zaure. Na ce, "Baba, karɓi," na sauka a guje.

Ni na kai Rabi kasuwa da kaina, a kafaɗa. Inna Mariyama ta karɓe ta, ta rufe ta da mayafinta, ta saurari yaran makwabta suna rige-rigen ba da labari. Na tsaya ina jiran muryar nan da kowa ya sani. Da ta zage ni da na ji sauƙi. A hankali ta ce, "Isuhu, ka ce ka gani."

"Ban gani ba, Inna. Farkonsa kawai na ɗaga a taga. Takarda na bi."

"Takardar ta san Rabi?"

Sai ta ƙara da cewa:

"Kai ka san ta. Kar ka ƙara biyo layin nan da allonka."

Kunyar da na ji ranar nan, har yau ba ta sake ni ba. Litinin da safe na kunna fim ɗin ni kaɗai na kalle shi har ƙarshe, abin da ya kamata in yi tun farko. A bobin na ƙarshe yarinyar da ubanta suka yi ta ɗebo ruwa daga nesa, suka tallafi saniyar da igiya da itace, hadari ya haɗu, ruwa ya sauka, saniya ta miƙe. Wato Rabi ta ga kwanciya, ba ta ga tashi ba. Talata na ji labari a bakin mai nama cewa yarinyar ba ta ci komai ba tun Lahadi, Inna ma ba ta fito kasuwa ba.

Laraba bayan la'asar na haye gada zuwa unguwar Harobanda, na yi ta tambaya har aka nuna mini gidan Inna Mariyama. Inna na tsakar gida tana tankaɗe. Ta amsa sallama, ba ta ba ni tabarma ba. Na durƙusa a ƙasa na ce, "Inna, ban zo neman ciniki ba. Yanzu na gani da idona, na zo in gaya miki abin da ke ciki, duka." Ta ci gaba da tankaɗenta. Na fara daga hular da maraƙa ta cinye, na bi ta kan ungulaye ban ɓoye ko ɗaya ba, har na kai ga ruwan sama.

Sai wata ƴar murya ta fito daga bayan labulen ɗaki. "Ta mutu?"

"Ba ta mutu ba, Rabi. Ta tashi."

"Ƙarya kake."

Inna ta buɗe baki za ta tsawata mata, na ce ta ƙyale ta, gaskiyarta ce, na riga na yi musu ɗaya. Na ce, "Inna, in kin yarda, ku zo gobe da safe, ku biyu kaɗai. Bobin na ƙarshe kawai zan sa. A farkonsa saniyar na kwance, ba zan ɓoye miki ba, sai can ta tashi. In kin ga ba alheri ba ne, a bar shi. Ke kika san ɗiyarki."

Inna ta ajiye rariyar da ke hannunta. Sannan ta juya wajen labule. "Rabi, kina so ki gani?"

"In kina kusa da ni, Gwaggo."

Alhamis da safe Allah ya taimake ni akwai wuta. Sabon sharbon kuwa maigidan silima ya kulle shi, ba zai ba da ko sanda ɗaya don mutum biyu ba. Baba Hamani ya ɗauko gwangwanin madararsa ya zazzage guntayen da ya daɗe yana tarawa, ya zaɓi biyu mafi tsawo, ya ce za su kai bobin ɗaya in ban yi wasa ba. Na bar ƙofar zaure a buɗe don kar duhu ya yi yawa. Suka zauna a bencin baya, kusa da ƙofa, Inna ta riƙe hannunta. Ban taɓa lallaɓa wuta kamar ranar nan ba. Aka ɗaura igiya, aka zura itace, Rabi ta miƙe tsaye amma ba ta yi ihu ba. Ruwa ya sauka. Saniya ta kafa ƙafar baya, ta yi tangaɗi, ta tsaya. Gawayina ya ƙare daidai da rubutun ƙarshe.

Da na sauko na same ta zaune, hawaye na zuba, tana magana da gwaggonta ba tsayawa. "Tasu ta tashi, Gwaggo. Tamu ba ta tashi ba. Goshi sunanta, ni na raine ta. Mun zura mata itace ni da Baba, kwana uku muna ɗaga ta, ran na huɗu Baba ya ce in tafi ɗebo ruwa, da na dawo ya riga ya yanka ta." Ta faɗi sunayen sauran shanun ɗaya bayan ɗaya, da inda kowace ta faɗi. Inna Mariyama tana kuka tana cewa, "Faɗi, ɗiyata, faɗi duka." Ni da Baba Hamani muka koma bakin ƙofa muka ba su baya. Can sai na ji yarinyar ta ce tana jin yunwa, na ruga na sayo mata masa da zafinta.

Fim ɗin yana da sauran Lahadi ɗaya a hannunmu. Da Inna da Rabi za su fita, allon yana jingine a bakin ƙofa, da hoton ƴar Baturiya da maraƙarta. Rabi ta tsaya ta dubi ƙusar. Ta sa hannu a kwandon gwaggonta, ta ciro barkono guda, ta zare zare daga bakin ɗankwalinta ta ɗaure shi, ta yi ɗage ta rataya. Ta ce, "Akwai irina da yawa a bukkoki."

Maigidan silima da ya ga allon ya yi tsalle. "Takarda ta ce na kowa! Kai ka fi waɗanda suka yi fim ɗin sani?" Na ce ban fi su ba, amma barkonon ba ni na rataya ba, kuma ba ni zan cire ba. Baba Hamani ya ce in an cire, a nemi wani ya riƙa gyara inji. Asabar na ratsa Petit Marché da barkono ɗaya yana lilo. Da na zo bakin layin kayan miya na tsaya, don ba a ɗage mini doka ba. Sai muryar nan ta tashi, har masu kifi suka waiwayo. "Kai, ɗan Maraɗi! Tsayuwar me kake kamar an dasa ka? Shigo ka gaya wa matan nan abin da ke ciki!" Na shiga na faɗa, da kwanciyar da tashin. Waɗansu suka tura ƴaƴansu, waɗansu suka hana, waɗansu suka ce za su raka su da kansu.

Na ci gaba da aikin har kaset ya shigo gari, silima ta mutu a tsaye, aka mai da zaurenmu ma'ajiyar shinkafa. Ban yi da-na-sani ba, sana'ar ta ciyar da ni, ta gina mini gidan nan na unguwar Bobiel da kuke zaune a ƙofarsa kuna yi mini dariya. Lambar nan taku kuwa, ku bi ta. In ta ce sha shida, kar ku miƙa wa ɗan sha ɗaya don ya marairaice, mai tsaron ƙofarmu ya ga masu kwali a takalmi kafin a haife ku. Amma in ta ce na kowa, aikinku bai ƙare ba. Ku zauna ku kalla tukuna, ko ku kalla tare, don ku ne kuka san wanda aka yi wa rasuwa bara, da wadda ke firgita in an ɗaga murya a gida. In kuma ba ku kalla ba, ku ce ba ku kalla ba.

Inna Mariyama ta daɗe da rasuwa, Allah ya jiƙanta, shi ma Baba Hamani haka. Rabi ce ta gaji sana'ar, yanzu ita ma da jikokinta, da murya kamar ta gwaggonta. Kun sha raka ni wurinta cefane. Har yau, in ta gama auna mini kayan miya ta ƙulle, sai ta zaɓi barkono guda ja ta ɗora a sama, ta dube ni. Ku duk kun ɗauka gyara ce.